Yadda ake naɗar waƙar gargajiya a gida, daga bakin tsofaffinka

Kakata ta wajen uwa tana da wata waƙar reno da ta yi wa 'ya'yanta, ta kuma yi mana mu jikoki. Kowa a gidanmu ya san amshinta. Amma ranar da na zauna na ce bari in rubuta ta daga farko har ƙarshe, baiti biyu kawai na iya kawowa. Na tambayi Umma, ta kawo huɗu, na huɗun ma tana yi tana kokwanto. Kawuna ya rantse akwai wani baiti da ake ambaton kogi a cikinsa, sai dai kalmomin sun ɓace masa. Wadda ta fi kowa riƙe waƙar ita ce ƙanwar Kaka, ita kuwa Allah ya yi mata rasuwa shekara guda kafin nan, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar muryarta ko da ta minti ɗaya. Abin ya tsaya min a rai. Shi ya sa na ɗaura niyyar naɗar muryar Kaka tun tana nan, kuma sai da na yi zama uku kafin na samu abin da nake nema.

Zaman farko lalacewa ya yi. Na je da ɗoki, na tara kowa a babban falo, na zaunar da ita a kujera a tsakiya, na miƙa waya dab da bakinta na ce, "Kaka, yi mana waƙar nan." Ta dube ni, ta dubi wayar, ta gyara zama. Ta yi baiti ɗaya da wata siririyar murya da ban san ta da ita ba, ta ce iyakar abin da take tunawa ke nan. Da na koma na saurara, ƙugin fanka ya danne muryarta, falon yana amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya, ga shi kuma a saƙon murya na WhatsApp na ɗauka.

Fanka da falo ƙananan matsaloli ne, ana gyara su cikin minti goma. Babbar matsalar ita ce na cire waƙar daga mazauninta. Waƙar reno ba don 'yan kallo aka yi ta ba, don jaririn da ke kuka aka yi ta. Waƙar aiki da hannun da ke aiki take tafiya, shi ke ba ta kari. Waƙar wasan yara tana son da'ira da tafi. Tsohuwar da ta shekara sittin tana rera waƙa da yaro a cinyarta, in ka zaunar da ita a gaban na'ura hannu biyu babu komai, kalmomin ba za su zo ba, don ba a kai kaɗai ta ajiye su ba, har a jiki. Saboda haka aikinka na farko shi ne ka tambayi kanka: a wane hali ake yin wannan waƙa? Sai ka nemi yadda za ka dawo da wannan halin, ko abin da ya yi kusa da shi. Duk sauran bayanin da zan yi kan na'ura, hidima ce ga wannan.

Kada ka ɗauki muryar kowa a ɓoye. Na san za a ce ai ɓoyewar ita ke sa mutum ya saki jiki, kuma gaskiya ne, amma murya amana ce. Kwana biyu ko uku kafin ranar, ka zauna da mai waƙar ka gaya mata abin da kake so da dalilinsa. Ni abin da na ce wa Kaka shi ne ina so 'ya'yana su ji waƙar daga bakinta, ba daga nawa ba. Ka tambaye ta wa da wa ta yarda su ji: 'yan gida kawai, ko duk dangi, ko kowa da kowa. Akwai waƙoƙin da ke ɗauke da sunayen mutane, ko habaici ga wanda zuriyarsa na nan da rai, ko wani sirri na gida. Ita ta san su, kai ba ka sani ba. Wannan sanarwa ta kwana biyu tana da wani amfanin kuma: waƙar za ta fara yi mata yawo a kai, baitocin da suka kwanta su fara tashi.

Game da na'ura, wayar da ke aljihunka ta isa. A 1890, lokacin da wani mai bincike Ba'amurke, Jesse Walter Fewkes, ya naɗi waƙoƙin al'ummar Passamaquoddy a jihar Maine ta Amurka, shekara 13 ke nan da Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar naɗar sauti, kuma a kan gwangwanin kakin zuma ake naɗin, wanda mintoci kaɗan yake ɗauka ya cika, mai waƙa kuma sai ya kafa baki a wani ƙaho ya ɗaga murya. A 1933 John Lomax da ɗansa Alan, masu tattara waƙoƙin gargajiya, sun yi ta yawo a kudancin Amurka da na'urar naɗar sauti da ta kai kimanin kilo 140 a bayan mota. Da irin waɗannan kayan aka ceto waƙoƙin da har yau ake saurare. Wayarka ta fi su tsabtar sauti nesa ba kusa ba. In kana da ƙaramar rikoda ta hannu irin ta Zoom ko Tascam, madalla, makirufonta ya fi na waya. In babu, kada jiran sayenta ya sa ka ɗage zaman. Tsufa ba ya jiran kowa.

Abin da ya kamata ka kula da shi a wayar shi ne manhajar da za ka yi naɗin da ita. Saƙon murya na WhatsApp da makamantansa an tsara su ne don magana: suna matse sautin don ya yi saurin tafiya a intanet, kuma abin da aka zubar wajen matsewar ba ya dawowa. Nemi manhajar da ke ajiyewa a tsarin WAV, wanda ba ya zubar da komai. A iPhone, manhajar Voice Memos tana da zaɓin Lossless a cikin saitinta, shi ma ba ya zubar da komai. A Android akwai manhajoji da yawa na kyauta masu ba da WAV. In an ba ka zaɓi, sa kilohaz 48 da bit 24, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da IASA, ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti da bidiyo ta duniya, take ba da shawara don adana sauti. In wayarka kilohaz 44.1 da bit 16 kawai take iyawa, ba laifi, ingancin faifan CD ke nan. Sai dai ka tanadi wuri: a kilohaz 48 da bit 24, sitiriyo, wato naɗi mai layi biyu, na dama da na hagu, yana cin kimanin megabait 17 a minti ɗaya, wato kusan gigabait 1 a awa. Mono, mai layi ɗaya, rabin haka yake ci, kuma ga murya ɗaya ya wadatar.

Akwai saiti biyu da nake roƙonka ka kashe in manhajar ta ba da dama: mai rage hayaniya, da mai daidaita ƙarfin murya da kansa. Na farkon yakan ɗauki dogon jan murya a matsayin hayaniya ya yi ta yanka shi, muryar ta koma kamar ana waƙa a ƙarƙashin ruwa. Na biyun kuwa, duk sanda mai waƙa ta yi ƙasa da murya sai ya ɗago komai har da ƙarar ɗakin, in ta ɗaga kuma ya danne ta. Hawa da saukar murya kuwa shi ne rabin daɗin waƙar.

Sa wayar a yanayin jirgin sama, don kira ɗaya na iya katse naɗin a tsakiyar baiti. Cika batir tun da wuri ka cire caja, domin wasu cajojin suna shigar da ƙugin lantarki, mai haz 50 ko 60, cikin sautin.

Sai ɗaki. Babban falo mai siminti ko tayil, bango babu komai, shi ne mafi munin wuri, don sauti yana dukan bango ya dawo ya cakuɗe da na bayansa. Gwajin mai sauƙi ne: tsaya a ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji tafin yana da jela, yana ringi bayan ka gama, nemi wani ɗakin. In ya tsaya cak, nan ne. Galibi ɗakin kwana shi ke cin wannan gwaji, saboda katifa da labule da tulin tufafi suna shanye sauti. Mu a ɗakin Kaka muka yi, wanda ya zama riba biyu, tunda nan ta fi sakewa. Na rataya bargo a bayan ƙofa, na shimfiɗa wani a ƙasa.

Bayan nan ka rufe ido ka yi minti ɗaya kana sauraren ɗakin. Kunnenka ya saba watsar da ƙarar da yake ji kullum, makirufo bai saba ba. Za ka ji fanka, firji a ɗakin kusa, agogon bango, talabijin ɗin maƙwabta, famfon da ke ɗiga. Kashe abin da zai kashu, fitar da agogon. In zafi ya hana a kashe fanka gaba ɗaya, a bar ta tana aiki lokacin hira, a kashe ta lokacin waƙa. Kukan tsuntsu daga nesa ko dariyar yaro ba su dame ni ba, sautin gida ne, kuma bayan shekaru za ka yi murna da jin su. Ƙugin da ba ya yankewa shi ne abokin gaba.

Kada ka riƙe wayar a hannu. Motsin yatsa a jikinta yana shiga kamar ana jan kujera, kuma hannun da aka miƙo wa mutum dab da fuska yana tuna masa kowane daƙiƙa cewa ana ɗaukarsa. Ninke tawul ka ɗora a kan ƙaramin tebur ko kujera, ka kwantar da wayar a kai, gindinta yana kallon mai waƙa, tunda a yawancin wayoyi babban makirufon yana ƙasa, kusa da ramin caja. Tsakaninta da baki ya zama kamar kamu ɗaya, santimita 30 zuwa 45, kuma a ɗan karkace, don iskar da ke fita da haruffa irin "b" da "f" kada ta daki makirufon kai tsaye. Ka nisanta ta da bango da kusurwar ɗaki.

Nisa shi ne babban makaminka, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: duk sanda ka ninka tazara tsakanin mai sauti da makirufo, ƙarfin sautin yana raguwa da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Da wannan kaɗai za ka daidaita dukan iyali ba tare da wata na'urar haɗa sauti ba. Mai jan waƙa ta fi kowa kusa. 'Yan amshi su zauna a rabin da'ira, mita ɗaya da rabi zuwa biyu, masu babbar murya a baya, yara a gaba. Mai tafi ko mai ganga ya fi kowa nisa.

Wannan na ƙarshen a zama na biyu na koye shi, kuma da ciwo na koya. Ranar Kaka ta saki jiki, ta yi wata waƙar wasa ta ƙuruciyarta, ƙannena mata biyu suna tafi a gefen wayar. Kowa ya ji daɗi. Da dare na sa abin ji a kunne, sai na tarar duk inda tafi ya faɗa sautin ya fashe, ƙarrr, kalmar da ke wurin ta tafi. Sautin dijital yana da rufi, shi ne sifili a ma'aunin da ke motsi a fuskar manhajar, kuma abin da ya doki rufin ya yanke ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi yadda yake. Don haka kafin a fara, ka ce a yi amshin da tafin da iyakar ƙarfin da za a yi, kana kallon ma'aunin. Wuri mafi ƙarfi ya tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifili. In manhajar ba ta da abin rage ƙarfi, ja wayar baya ko ka matsar da masu tafi. Sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi daga baya. Ka ɗauki gwajin daƙiƙa 30, ka saurara da abin ji na kunne, ba da lasifikar waya ba, kafin ka ce an shirya.

Yanzu ranar kanta. Zaɓi lokacin da mai waƙar ta fi kuzari, ita za ta gaya maka. Kada a cika ɗakin. Mutum huɗu ko biyar da ta saba da su sun fi ashirin, kuma in akwai wanda take jin nauyinsa, kamar suruki, gara ya saurara daga baya. In da tsararta a kusa, wadda suka yi ƙuruciya tare, ka yi duk yadda za ka yi ta zo. Babu abin da ke tono tsohuwar waƙa kamar tsofaffi biyu suna gardamar yadda take. Ajiye ruwan sha kusa da ita.

Da ka danna naɗi, ka fara da faɗin ranar da watan da shekarar, da wurin da kuke, da cikakken sunan mai waƙa, da sunayen waɗanda ke ɗakin. Ka sake tambayarta ko ta yarda a ɗauka, amsarta ta shiga ciki. Sannan kowa ya yi shiru na daƙiƙa 30, wannan shirun zai yi maka amfani wajen gyara. In akwai waya ta biyu da za ta ɗauki bidiyo, a kafa ta a gefe, a tafa hannu sau ɗaya a gabanta, da wannan tafin za ka haɗa hoton da sautin daga baya. Bidiyon yana da daraja, don yadda take jijjiga yaro ko yadda hannunta ke tafiya wani ɓangare ne na waƙar.

Daga nan kuma ka manta da wayar. Kada ka kashe ta tsakanin waƙa da waƙa, kada ka riƙa leƙa ta, kada ka ce "to, a fara". Ka bar ta ta yi ta ɗauka, awa ɗaya ko fiye. Gigabait ɗaya ba komai ba ne a kan abin da za ka rasa in ka kashe.

A zama na uku ban ce wa Kaka ta yi waƙa ba sam. Ta san wayar na aiki, na nuna mata. Na fara tambayarta wa ya koya mata waƙar renon, ta ce mahaifiyarta, ta shiga labarin yadda mahaifiyar take da murya mai kauri kamar ta namiji. Muna cikin haka jaririyar 'yar'uwata, 'yar wata biyar, ta fara kuka. Umma ta miƙa hannu za ta karɓe ta, Kaka ta ce, "Ba ni ita nan." Ta kwantar da ita a kafaɗa, tafin hannunta yana bubbuga bayan yarinyar a hankali, sai waƙar ta fito da kanta, da muryar nan tata ta ainihi, mai ɗan gargada a ƙasa. Ta wuce baiti na huɗu, inda Umma ke tsayawa. Ta yi na biyar. A na shida sai ga kogin. Kawuna yana zaune a bakin ƙofa, na ga ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da hannu. Yarinyar ta yi barci tun a na biyar, amma Kaka ba ta tsaya ba sai da ta kai tara. Cikin naɗin ana jin bubbugawar hannunta daga farko har ƙarshe, tana riƙe da karin waƙar.

Da a ce na kashe wayar lokacin da kukan ya fara, don kada ya ɓata min sauti, da ban samu komai ba.

Akwai abubuwan da za ka hana kanka da sauran 'yan ɗakin. In ta tsaya tana laluben kalma, kada kowa ya cika mata, a ba ta lokaci, shirun ba ya cin kowa. In ta faɗi baiti ba yadda kuka saba ji ba, kada a gyara mata. In ta gama, ka ƙirga biyar a zuci kafin kowa ya yi magana, don jelar muryar ta sauka. Kuma kada ka kunna mata kiɗa daga waya ko fiyano don ta bi. Tsofaffin waƙoƙi da yawa ba a kan ma'aunin fiyano aka gina su ba, abin da kunnenka zai ɗauka kuskure ne wataƙila shi ne ainihin karin.

In ƙarfinta ya kai, ka roƙe ta ta sake yin waƙar, a ranar ko wata rana. Za ka ga ta biyun ba ta zo daidai da ta farko ba: wani baiti ya canza wuri, wata kalma ta sauya, an ƙara suna. Kada wannan ya dame ka, kuma kada ka tambaye ta wacce ce daidai. Milman Parry da ɗalibinsa Albert Lord, da suka naɗi mawaƙan baka a tsohuwar Yugoslabiya a tsakiyar shekarun 1930, sun tarar mawaƙi zai tabbatar maka waƙa ɗaya ya maimaita, alhali naɗin biyu sun bambanta. Haka waƙar baka take rayuwa. Ajiye duka biyun. Ni uku nake da su na waƙar renon, kuma baitin kogin a biyu kawai ya fito.

Bayan waƙa sai hira, wayar na ci gaba da aiki. Nan ne mutane ke gajartawa, ni kuwa a ganina hirar ta kai waƙar daraja. Tana 'yar shekara nawa ta koya? Su wa ke yin ta, a wane lokaci? Wane ne wannan da aka ambata a baiti na uku? Me wannan kalma take nufi? A waƙar Kaka akwai kalmomi uku da babu wanda ya san ma'anarsu a cikinmu, har Umma. Biyu ta fassara mana. Ta ukun ta ce ita ma haka ta ji ta a bakin mahaifiyarta. Tambayoyinka su zama gajeru, kuma ka daure kada ka riƙa cewa "eh, eh" a kan maganarta, gyaɗa kai ya isa. Da ka ga alamar gajiya, a tsaya. Minti arba'in masu daɗi sun fi awa biyu na tilas, kuma kana so ta yarda a sake zama.

A daren ranar, kafin ka kwanta, ka kwafi fayil ɗin zuwa wani wuri. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, yaro yana goge abu. Masu adana bayanai suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam da gidanka. Nawa ɗaya na kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje da ke hannun kawuna, ɗaya a Google Drive. Kada ka dogara da filash ko katin memori kaɗai, ba a yi su don ajiyar shekaru masu yawa a cikin akwati ba. Sau ɗaya a shekara ka buɗe kowane kwafi ka tabbatar yana kunnuwa. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan sunan mai waƙa da na waƙar, don su jeru da kansu.

Fayil na asali ba a taɓa shi. Kwafi za ka yi wa gyara. Manhajar Audacity kyauta ce a kwamfuta, kuma ta isa: ka yanko waƙar daga cikin dogon naɗin, ka bar daƙiƙa biyu gaba da baya, ka ɗaga ƙarfin sautin. In akwai ƙugi, ka nuna mata shirun nan na daƙiƙa 30 don ta gane ƙarar ɗakin ta rage ta, amma da sauƙin hannu, in ka matsa muryar za ta koma kamar ta ƙarfe. Iyakar gyaran ke nan. Kada ka cire numfashinta, kada ka miƙe mata murya da manhaja. In wani matashi a gidan yana son ɗora kiɗa a kai, ya yi a nasa kwafin da izininta, a kuma rubuta cewa wannan sabon aiki ne.

Sai rubutu, wanda shi ya fi cin lokaci. Ka zauna da abin ji a kunne ka rubuta kalmomin yadda ta furta su, ko da sun saɓa wa daidaitaccen rubutu, kada ka mayar da karin harshenta naka. Inda ba ka ji ba ka sa alama. A saman takardar ka sa duk abin da ka faɗa a farkon naɗin, da wanda ya koya mata, da sharaɗin da ta gindaya kan wanda zai ji. Ka ajiye wannan rubutu a jaka ɗaya da sautin, ka kuma buga shi a takarda. Naɗin da Fewkes ya yi a 1890, bayan fiye da shekara 100 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya mayar da shi dijital, jikokin jikokin mawaƙan suka zauna suna saurare suna fitar da kalmomin harshensu. Wanda zai buɗe fayil ɗinka wata rana wataƙila bai san ka ba, bai san ta ba, abin da ka rubuta kawai zai samu.

Wajen raba wa dangi, yi kwafin MP3 don sauƙin turawa. In kuma WAV ɗin kake so ya isa yadda yake ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, wato ta zaɓin Document, haka ba a matse shi. Sa shi a Facebook ko YouTube kuwa magana ce dabam, sai ka koma ka sake tambayarta, ka bayyana mata cewa abin da ya hau can ba ya saukowa. In ta yarda, sunanta da na wadda ta koya mata su zo a gaba. Kaka ta ce waƙar wasan a bai wa kowa, ta renon kuwa ta tsaya a cikin zuriya, kuma a nan ta tsaya.

Mataki na ƙarshe shi ne ka koma mata da abin da ka ɗauka, da takardar a hannunka, da wayar kuma tana naɗi. Bayan mako guda na sa wa Kaka abin ji a kunne. Ta yi tsit har waƙar ta ƙare, leɓunanta suna motsi. Sannan na karanta mata abin da na rubuta, baiti bayan baiti. A na bakwai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya, ɗan nan, ba haka na ce ba." Kalma ɗaya na ji ba daidai ba, kuma ta juya ma'anar baitin gaba ɗaya. Ta maimaita min ita sau uku a hankali, na gyara a gabanta. Daga nan ta ce in kira mata Umma da 'yar'uwata, ta zaunar da su, ta fara koya musu daga baiti na biyar.